Kura da Shan Bugu: Wa Zai Biya Ƙarin Albashin Telolin Bangladesh?

Kawuna ya yi shekara goma sha tara yana aiki a wata masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta. Yanzu yana da ɗan shago, yana sayar da kayan masarufi, kuma ba ya rabuwa da rediyo. Kwanakin baya ina zaune a wajensa muka shiga zancen ma'aikatan ɗinki na Bangladesh, na ce masa mafi ƙarancin albashinsu taka 12,500 ne a wata. Ya ce, "Ɗana, bar ni da wata taka, juya mini ita naira." Na ce masa kuɗin ya ɗan haura dala 100, wato ya ninka naira 70,000 ɗin da aka tsayar mana a 2024 har da ɗori. Ya yi shiru, ya rage muryar rediyon, sannan ya ce, "To in araha ce ke kawo kamfani, me ya hana su dawowa Kakuri?"

Na kasa ba shi amsa a ranar, kuma tun daga nan tambayar take cina. Domin duk lokacin da aka tayar da maganar ƙarin albashi a ƙasashen da ke yi wa duniya ɗinki, waƙar da ake rerawa ɗaya ce: ku bi a hankali, in kun ƙara musu kuɗi kamfanoni za su naɗe tabarmarsu su koma inda ya fi sauƙi, talakan da kuke tausayi ya rasa na tuwo gaba ɗaya. Masu wannan magana ba jahilai ba ne. Paul Krugman, masanin tattalin arziki wanda daga baya ya sami kyautar Nobel, ya rubuta a 1997 cewa mummunan aiki mai mummunan albashi ya fi zaman banza. Da babu gara ba daɗi ke nan, da bakin boko. Akwai gaskiya a ciki, kuma zan zo kanta. Amma ni abin da na gani cikin tarihin shekaru talatin ɗin nan shi ne, barazanar ta fi abin da ke faruwa girma nesa ba kusa ba, kuma ta ɓoye ainihin tambayar, wato daga aljihun wa ƙarin zai fito.

Mu tsaya a Bangladesh, don can ne aka fi gwada abin. A 1994 aka tsayar da mafi ƙarancin albashin masu ɗinki a taka 930, aka bar shi nan shekara goma sha biyu ba a taɓa ba. A 2006 ya koma kimanin 1,662. A 2010 ya zama 3,000. A ƙarshen 2013, bayan benen Rana Plaza mai ɗauke da masana'antun ɗinki ya rufta a Savar kusa da Dhaka ya kashe mutum 1,134, aka kai shi 5,300. A 2018 ya zama 8,000, a Disambar 2023 kuma 12,500. Galibin waɗannan ba a bayar da su cikin daɗin rai ba. Sai an yi yajin aiki, an tare hanya, an harba barkonon tsohuwa. A na 2023 ma'aikata sun nemi taka 23,000, kuma aƙalla mutum huɗu suka rasa rayukansu a zanga-zangar Gazipur da kewaye kafin ƙura ta lafa. Kowane karo masu masana'antu sukan yi kukan cewa kasuwa za ta mutu. To ga abin da ya faru: tufafin da ƙasar ta fitar waje a shekarar kuɗi ta 2012 zuwa 2013 sun kai kimanin dala biliyan 21. Shekara shida bayan nan sun kai biliyan 34. A 2024 sun haura biliyan 38. Mutum kusan miliyan huɗu ke cin abinci a sana'ar, kuma ita ke kawo fiye da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan da take sayarwa waje. Gawar da ake ta sanar da jana'izarta tana nan tana ƙiba.

Kambodiya ta fi ma ba da mamaki. A 2012 albashin dala 61 ne. Farkon 2014, bayan jami'an tsaro sun buɗe wa masu yajin aiki wuta a titin Veng Sreng na birnin Phnom Penh, ya zama dala 100. A 2018 ya kai 170, a 2023 ya kai 200. Ya ninka fiye da sau uku cikin shekara goma sha ɗaya, kuma masana'antun ba su watse ba.

Dalilin yana cikin lissafin riga ɗaya. A 2017 ƙungiyar Oxfam ta Ostireliya ta sa an yi mata ƙididdiga, aka gano cewa cikin kuɗin da mai saye ke biya a kantin ƙasar, kimanin kashi 2 cikin ɗari ne ke isa hannun wanda ya ɗinka rigar in a Bangladesh aka yi ta. Ɗauki rigar dala 20. Rabon tela santi 40 ke nan. In ka ƙara masa kashi 56 cikin ɗari, kamar yadda aka yi a 2023, ka ƙara santi 22 a kan rigar. Wace baturiya ce za ta ajiye riga a London ko Berlin saboda santi 22? Ba za ta ma lura ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda ke sayar da rigar a dala 20 ba shi ke biyan tela ba. H&M da Zara da Primark da Walmart, galibi ba su mallaki keken ɗinki ko ɗaya a Dhaka ba. Oda suke bayarwa. Mai masana'anta ɗan ƙasa shi ke karɓar kwangilar a kan wani ɗan kuɗi kaɗan daga cikin dala 20 ɗin, kuma fiye da rabin abin da ya karɓa yadi da zare da maɓalli ke cinyewa. A cikin ragowar zai biya wuta da iskar gas da ruwan bashin banki da albashi, sannan ya nemi ribarsa. Santi 22 ɗin da ba komai ba ne a kantin Turai, a littafinsa na iya zama ribar gaba ɗaya. Saboda haka in ya yi kuka, ba duka ne na munafunci ba. Abin da nake tuhumarsa da shi shi ne ya fi jin ƙarfin yi wa yarinyar da ke kan keke tsawa a kan ya ɗaga wa mai ba shi oda murya.

Kuma masu ba da odar sun san haka. Masana'antu dubbai ne ke layi, manyan masu saye kuwa ƙalilan ne. In wannan ya ce ba zai iya a wannan farashin ba, na gaba da shi zai karɓa, ko da faɗuwa zai yi, don kada kekuna su tsaya. Mark Anner, a lokacin yana malami a Jami'ar Jihar Pennsylvania, ya bi diddigin farashin ya nuna cewa a 'yan shekarun da suka biyo bayan Rana Plaza, kuɗin da ake biyan masana'antun Bangladesh ya sauka da kimanin kashi 13 cikin ɗari, a daidai lokacin da ake matsa musu su gyara gine-gine su ƙara albashi. Wato da baki ana cewa a kyautata wa ma'aikata, da alƙalami ana zaftare farashi. A 2020, da annobar korona ta rufe kantuna, kamfanonin suka soke ko suka dakatar da odar da ta haura dala biliyan 3 cikin 'yan makonni, har da kayan da an riga an yanka an ɗinka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To in ƙari ya zo, mai oda bai ƙara ko sisi ba, ina mai masana'anta zai samo cikon? Nan ne illar take, kuma ba irin wadda ake tsorata mu da ita ba ce. Ba ya rufe ƙofa ya tafi. Yakan ɗaga adadin rigunan da layi zai fitar a awa. Yakan sallami mataimakan da ke yanke zare da miƙa kaya, aikinsu ya hau kan wadda ke keke. Yakan tura wani ɓangare na odar zuwa ƙananan wuraren ɗinki na bayan layi waɗanda ba mai leƙa su. Akwai kuma wata dabara ta cikin takarda da ta fi ba ni haushi. Albashin nasu kashi-kashi ne: akwai tushe, akwai kuɗin haya, na magani, na mota, na abinci. Kuɗin ƙarin lokaci da ƙarin shekara-shekara duk a kan tushen ake lissafa su. A 2010 tushen taka 2,000 ne cikin 3,000, wato kashi biyu cikin uku. A 2018 ya zama 4,100 cikin 8,000, rabi da ɗan kai. Jimla ta hau, amma an rage girman abin da sauran haƙƙoƙi ke rataye a jikinsa. Ga mai aikin da ke dogara da ƙarin lokaci don ya kai ƙarshen wata, wannan ba ƙaramin yanka ba ne. Farkon 2019 ma'aikatan da suka daɗe suka fito titi saboda an ɗaga na sababbin shiga an bar su kusan inda suke, aka kori dubbai daga cikinsu.

Yanzu bari in ba masu tsoron haƙƙinsu. Ƙarin albashi yana kashe wasu ayyuka, wannan ba ƙarya ba ne. Ann Harrison da Jason Scorse sun yi nazarin Indonesiya ta shekarun 1990, lokacin da masu fafutuka a Amurka suka sa kamfanoni irin su Nike a gaba. Sun gano albashi ya tashi sosai a masana'antun da aka matsa wa, manyan ba su rage ma'aikata ba, ribarsu ce ta ragu, amma wasu ƙanana sun rufe. Haka abin yake ko'ina: babba ya haɗiye, ƙarami ya shaƙe. Sannan in hannu ya yi tsada, inji yakan yi araha. Masana'antun suwaita a Bangladesh sun shigo da injinan saƙa masu aiki da kwamfuta, mutum ɗaya na kula da abin da a da sai mutane da yawa. Kason mata a sana'ar, wanda a da ake ƙiyasta shi kusan kashi 80 cikin ɗari, ya sauko ƙasa da 60. Wannan yana damuna ƙwarai, domin aikin nan, duk wahalarsa, ya canza rayuwar 'yan matan karkara. Binciken Rachel Heath da Mushfiq Mobarak ya nuna cewa yaran mata da suka tashi kusa da masana'antun sun fi daɗewa a makaranta, kuma ba a cika aurar da su da wuri ba. Duk wanda zai yi magana kan albashin nan ya tuna cewa akwai yarinyar da ba ta riga ta samu aikin ba, tana ƙauye tana jira.

Akwai iyaka kuma. Da albashi ya hau a kudancin Sin, musamman bayan yajin aikin 2010 a Guangdong, ɗinki mai sauƙi ya fara ƙaura zuwa Biyetnam da Kambodiya da Bangladesh. Amma wa zai ce Sin ta yi asara? Ta bar wa wasu ɗinkin singileti ta koma ƙera waya da batir da mota, kuma har yau ita ce kan gaba wajen fitar da tufafi a duniya. Koriya ta Kudu ma ta wannan ƙofa ta bi. Hasali ma kamfanin Daewoo ne ya ɗauki 'yan Bangladesh 130 na kamfanin Desh ya koya musu aikin a 1979, daga nan sana'ar ta kafu a Bangladesh. Ƙaurar da ke zuwa bayan ma'aikata sun ƙware, ƙasa ta sami abin da ya fi ɗinki, ba musiba ba ce. Musibar ita ce a shekara arba'in ana ɗinka riga iri ɗaya, ana alfahari da cewa ba wanda ya kai mu araha.

In ana son ganin ƙarshen wannan alfahari, a dubi Habasha. Gwamnatinta ta gina rukunin masana'antu na Hawassa, aka buɗe a 2016, ta yi ta tallata wa duniya cewa ma'aikatanta sun fi na Asiya sauƙi. Ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi ga kamfanoni masu zaman kansu. Manyan kamfanoni suka zo, ciki har da PVH mai Calvin Klein da Tommy Hilfiger. A 2019 wani rahoto na Jami'ar New York ya bayyana cewa tushen albashin sababbin ma'aikata dala 26 ne a wata, mafi ƙanƙanta a duk harkar. Me ya biyo baya? 'Yan matan da aka kwaso daga ƙauyuka suka ga kuɗin ba ya biyan ɗaki da abinci, sai su yi 'yan watanni su gudu. Kafin a gama koya wa wannan, ta tafi, a ɗauko sabuwa a fara daga farko. Aiki ya ƙi sauri, yajin aiki ya yawaita. Wani bincike na Christopher Blattman da Stefan Dercon a wasu masana'antun ƙasar ya samu cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka ba aiki sun bar shi kafin shekara ta zagayo. Araha ba ta ado. Hannun da ba ya zama ya ƙware ya fi kowane hannu tsada.

Kuma abin da ya karya Hawassa a ƙarshe ba albashi ba ne. Yaƙin Tigray ne, da cire Habasha da Amurka ta yi daga AGOA, tsarinta na rangwamen haraji ga ƙasashen Afirka, a farkon 2022, wanda ya janye mata damar shigar da kaya ba haraji. PVH ya rufe masana'antarsa a can tun ƙarshen 2021. Hakan na nuna abin da mai oda ke dubawa da gaske. Harajin da Tarayyar Turai ke ɗora wa yawancin tufafi kusan kashi 12 cikin ɗari ne, Bangladesh kuwa ba ta biyansa saboda rangwamen da ake yi wa ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba. Wannan rangwamen shi kaɗai ya fi ƙarin albashi da dama tasiri, ko da an haɗa su. Bayan haraji sai wuta, sai kwana nawa kwantena za ta yi kafin ta bar tashar Chittagong, sai ko akwai masu yadi da rini a kusa, sai zaman lafiya.

Amsar Kawu ke nan, ko da yake shi ya riga ya san ta fiye da ni. Masaƙun Kaduna da na Bompai da Sharaɗa da Challawa ba tsadar ma'aikaci ce ta kashe su ba. Rashin wuta ne, da tsadar baƙin mai, da tsofaffin injina, da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika Kantin Kwari. Yau ma'aikacinmu ya fi na Dhaka araha a lissafin dala, amma mu ke sayen gwanjon rigunan da aka ɗinka a Dhaka, bayan Bature ya sa ya gaji.

Ni dai ra'ayina shi ne a ƙara, amma a sauya yadda ake ƙarawa. Tsarin da Bangladesh ta bi daga 2013 zuwa 2023, na zaman duba albashi duk bayan shekara biyar, shi ne mafi muni. Taka 8,000 ta 2018 ta kai kimanin dala 95 a lokacin. Kafin 2023 darajar taka ta faɗi, hauhawar farashi ta doshi kashi 10 cikin ɗari, kuɗin suka koma kusan dala 73. Saboda haka wani babban yanki na kashi 56 ɗin da aka yi ta yayatawa biyan bashin baya ne kawai. Ma'aikaci ya yi shekara biyar yana ramewa, mai masana'anta kuma a wayi gari an jibga masa nauyi a wata guda. Kambodiya ta koma zama kowace shekara, tsakanin gwamnati da masu kamfani da ƙungiyoyin ƙwadago. Ba cewa nake adalci ya sauka a can ba, don an sha ɗaure shugabannin ƙwadago, kuma ƙarin 'yan shekarun nan dala biyu ne zuwa shida. Amma kowa ya san ranar, mai oda na iya sa shi a lissafinsa tun kafin a sa hannu a kwangila. Bangladesh ma ta ɗan motsa a ƙarshen 2024, ta ɗaga ƙarin shekara-shekara daga kashi 5 zuwa 9.

Na biyu, kuma shi ne babba, a ɗaure mai oda. An taɓa yi. Bayan Rana Plaza, kamfanoni fiye da 200 sun sa hannu a yarjejeniyar kare gine-gine daga gobara da rushewa, wadda ake iya kai wanda ya saɓa ta gaban masu yanke hukunci. Aka binciki masana'antu fiye da 1,500, aka sa ƙofofin tsira, aka gyara wayoyin wuta, mace-mace suka ragu sosai. Abin da ya sa ta yi aiki shi ne akwai hukunci. A kan albashi kuwa har yanzu wasiƙu ake rubutawa. A 2023 wasu kamfanonin sun rubuta wa gwamnatin Dhaka suna goyon bayan a yi ƙari, abin da ba ya cin ko kwabo. Da za a ware kuɗin ɗinki a cikin kowace kwangila, a rubuta cewa in doka ta ɗaga albashi wannan layin zai tashi da kansa, da mai masana'anta ya rasa uzurin matse layin ɗinki, da kuma gasar wa ya fi araha ta koma kan wa ya fi iya aiki.

Da na koma na zayyana wa Kawu duk wannan, bai yi musu ba, sai dai ya ce na manta mutum ɗaya. Na ce wa? Ya ce mai gidan haya. Yana yaro lokacin kuɗin Udoji, a tsakiyar shekarun 1970, ya ce tun kafin mahaifinsa ya karɓi ariyas ɗinsa 'yan kasuwa sun riga sun ji a rediyo, mudun shinkafa ya tashi, mai gida ya aiko. Na ce masa ai haka ma'aikatan Ashuliya da Gazipur ke kuka, duk sanda aka sanar da sabon albashi sai kuɗin ɗaki ya bi shi a baya, ɗakin da mutum uku ko huɗu ke kwana a ciki. Ya ce, "To ka ƙara wannan a rubutun naka." Sai wata yarinya ta leƙo tana neman sukari na ɗari biyu, ya tashi ya auna mata.